Don Allah a daina shafa wa ƙananan karnuka baƙin mai da fiya-fiya saboda ƙaiƙayi

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce meye na ɓata takarda a kansa, wato ƙaiƙayin da ke addabar ƙananan karnuka da kwiyakwiyai, da abin da mutum zai iya yi a gida ya sauƙaƙa musu. Na sani kare ba dabbar da Bahaushe ke tinƙaho da ita ba ce, amma gaskiyar magana yanzu gidaje da gonaki da yawa akwai kare saboda yadda harkar tsaro ta zama, ga mafarauta ga makiyaya da dama can suna da su, ga kuma 'yan ƙananan nan masu gashi buzu-buzu irin su Lasa da Eskimo da ake ta sayarwa a Abuja da Kaduna da Jos, wasu ma a bakin titi za ka ga yaro ya ɗago ɗan kwikwiyo yana tallarsa. Ni ina da 'yar gonar kaji a bayan garin Kaduna kuma ina ajiye karnuka don gadi, cikinsu har da ƙarami wanda shi ne ma yake fara jin motsi da dare kafin manyan su farga. To tunda dai mun ajiye su, haƙƙinsu yana wuyanmu. Kowa ya san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ya shayar ma ya samu wannan, to ina ga wanda ya ɗaure dabba a gidansa tana kwana tana susa har jini yana fita shi kuma ko a jikinsa?

Abin da ya fi ci min rai shi ne irin maganin da ake yi musu da sunan taimako. Da an ga kare yana soshe-soshe gashi ya fara zubewa sai ka ji wani ya ce a je gareji a samo baƙin mai a shafe shi tas, wani ya ce kananzir, wani ya ce a ɗiga fiya-fiya a ruwan wanka, wani kuma ya ɗauko ragowar maganin feshin wake ko na wankan shanu ya kwaɓa da ido ba awo ba komai. Wallahi wannan kisa ne a hankali, wani lokacin ma ba a hankali ba. Na taɓa ganin wani ɗan kwikwiyo a maƙwabtan gonarmu da aka yi wa wanka da fiya-fiya saboda ƙuma, kafin la'asar yawu yana ta dalala daga bakinsa, jikinsa yana karkarwa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ga zawo, yana so ya tashi ƙafafun sun ƙi ɗaukarsa, mai shi yana tsaye yana cewa ai ɗan kaɗan ya zuba. Ɗan kaɗan a wajenka ne, shi dabbar da duka-duka bai wuce kilo 2 ko 3 ba fa? Ko babban Lasa ma nauyinsa tsakanin kilo 5 ne zuwa 8. Sannan fatar kare ta fi ta mutum sirantaka, abin da ka shafa yana ratsawa ya shiga jini, kuma kare ba ya barin abu a jikinsa sai ya lashe, ka ga guba ta shiga ta fata ta shiga ta baki kenan. Baƙin mai cike yake da dattin ƙarfe da gubar da ta fito daga inji, yana ƙona fata yana taɓa hanta da ƙoda. Idan tsautsayi ya sa an riga an yi, a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda ko safar hannu, sannan a ruga wajen likitan dabbobi da kwalbar abin da aka zuba a hannu, akwai allurar da suke yi mai karya irin wannan gubar. Ɗura masa manja ko madara ɓata lokaci ne kawai, yana iya shaƙewa ma ya tafi huhu.

Kafin ka ce za ka yi magani, zauna ka duba me ke sa shi susar, don ƙaiƙayi alama ce kawai, abubuwan da ke kawo shi daban-daban ne. Mafi yawa dai ƙuma ce. Mutane sukan ce ai na duba ban ga komai ba, to ƙuma tana da sauri ba lallai ka gan ta ba, musamman a mai dogon gashi. Ga yadda nake yi: in samu farin ƙyalle ko farar takarda in jiƙa ta da ruwa in shimfiɗa, in tsayar da karen a kai in dinga taje shi da mataji mai ƙananan haƙora tun daga tsakiyar baya har gindin wutsiya, za ka ga wani baƙin gari-gari yana zubowa, ka ɗan jira minti ɗaya, idan ƙasa ce za ta tsaya baƙa yadda take, idan kuwa kashin ƙuma ne za ka ga ya narke ya yi ja-ja a jikin ƙyallen saboda jinin karen ne da ta sha. Da ka ga haka an gama magana. Kuma wani karen jikinsa ba ya jituwa da yawun ƙuma sam, cizo ɗaya ko biyu ya isa ya sa shi gurgurar gindin wutsiyarsa da cinyoyinsa na baya har wajen ya saɓule.

Ita kuma ƙazuwa wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a cikin fata yana ƙwai a ciki, shi ya sa ƙaiƙayinta ya fi kowanne azaba, karen ko barci ba ya iya yi. Tana farawa ne daga gefen kunne da gwiwar hannu da ƙasan ciki, wajen ya yi ɓawo ya yi kauri. In ka murza gefen kunnen a hankali da yatsu biyu sai ka ga ƙafarsa ta baya ta fara susa a iska da kanta, yawanci wannan ƙazuwa ce. Tana kuma kama mutum, za ka ga yaran gidan da ke ɗaukarsa sun fara ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Makero shi ma haka, zagaye yake yi gashi ya zube a wajen, kuma yana tsallakawa kan yara. Waɗannan biyun dai in faɗa tun yanzu, babu wani ganye ko mai na gida da zai raba kare da su, sauƙi kawai za ka ba shi kafin ka kai shi a duba.

Da hunturu kuma bushewar fata ce, za ka ga amosani fari yana tashi in ka shafa bayansa, babu ƙuma babu ƙurji. Wani kuma alaji ne, wato jikinsa ba ya jituwa da wani abu, ko abinci ko ƙura da ciyawa, irin wannan shi ne mai yawan lasar tafin ƙafa da goga fuska a ƙasa da kaɗa kunne.

To yanzu abin da za a iya yi a gida. Na farko kuma wanda na fi yarda da shi wankan ots ne, ots ɗin nan dai da ake damawa a sha da safe irin su Quaker, amma zalla wanda ba sukari ba madara ba ƙamshi. Ka ɗebi kamar rabin kofi ka niƙa a bilenda ko ka daka a turmi ya yi laushi sosai, ka zuba a baho ka kawo ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan, kar ya yi zafi don ruwan zafi ƙara ƙaiƙayi yake yi, ka motsa har ruwan ya yi fari-fari ka ji yana santsi a hannu. Sai ka tsayar da shi a ciki ruwan ya kai masa ciki, kana ɗiba da kofi kana kwarara masa a baya kana shafawa da hannu har ya kai ga fata, ka kiyaye ido da cikin kunne, kamar minti 10. Da farko zai ta mutsu-mutsu yana son fita, amma in ruwan ya fara ratsa shi za ka ga ya lafa ya sauke kai. Ka ɗauraye sama-sama, ka tsane shi da tawul ta hanyar dannawa, banda gurzawa. Abin da ke cikin ots yana riƙe danshi a fata yana kuma kwantar da ja da zafin wajen, shi ya sa ma ake sa shi a sabulun masu ƙyasbi da bushewar fata. Sau ɗaya a mako ya isa. In da hunturu ne a yi da rana tsaka a kuma tabbatar ya bushe sarai kafin yamma, ɗan kwikwiyo sanyi yana kama shi da wuri kuma yana iya kashe shi. Mai dogon gashi kuma in aka bar ƙasan gashin da lema to nan ne gyambo yake farawa.

A nan zan ɗan tsaya a kan maganar sabulu, don da yawa su suke jawo ƙaiƙayin da hannunsu ba su sani ba. Wanka kullum da omo ko sabulun wanki ko sabulun salo yana kwashe ɗan man da Allah ya halitta a fatar, ta bushe ta tsattsage, sai susa ta ƙaru, mai shi kuma ya ce datti ne ya ƙara wani wankan. Kare mai lafiya wanka sau ɗaya a sati uku ko huɗu ya wadatar, da shamfu na karnuka in da hali, in babu to sabulun jarirai marar turare. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake wanke bayi da shi ma ba na jikin dabba ba ne.

Na biyu mai. Man kaɗanya na asali da man kwakwa suna da kyau a wajen da ya bushe ko ya yi ɓawo, kamar gwiwar hannu da tafin ƙafa da saman hanci. Ɗan kaɗan za ka lakata ka murza a tafin hannunka ya narke sannan ka shafa, kada ka yi masa dumu-dumu, in ya yi yawa ƙura ce za ta manne kuma in ya lashe da yawa zai yi zawo. Ka ɗan riƙe shi ko ka ba shi abinci na wasu mintuna don man ya samu shiga kafin ya fara lasa. Amma ban da wajen da ke ruwa ko mugunya, mai yana toshe irin wannan wajen ya ƙara ruɓa. Shi wannan abin da yake so a aske gashin da ke kewaye da shi da almakashi iska ta shiga, a wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, sau biyu a rana, a bar shi ya bushe.

Alobera ma tana sanyaya waje mai ja da zafi, sai dai a kula, farin ruwan nan mai yauƙi na tsakiya shi ake so, ruwan ɗorawa mai ɗaci da ke fita in ka yanka ganyen yana sa kare amai da zawo in ya lasa. Ka yanka ka jingine ganyen ya tsiyaye, ka fere bayan ka wanke sannan ka shafa. Ruwan shayi ma, koren shayi ko baƙi wanda ba sukari, in ya huce aka sa a firij ya yi sanyi aka jiƙa ƙyalle aka ɗora a wajen minti biyar, yana rage raɗaɗi. Ko ruwan randa mai sanyi ma kaɗai yana yi in babu komai a kusa cikin dare.

Ganyen darbejiya, wasu su ce dogon yaro wasu su ce maina, wannan kowa yana da shi a ƙofar gida. A tafasa damƙi biyu a tukunya a bar shi ya huce a tace a yi masa ɗauraya ta ƙarshe da shi bayan wanka, yana taimakawa wajen korar ƙwari yana kuma ɗan kwantar da fata. Ina amfani da shi kuma ina ganin amfaninsa, amma ba zan yaudari kowa in ce yana kashe ƙazuwa ko yana ƙarar da ƙuma a gida ba. Kuma ruwan ganyen nake nufi, ba a ɗura masa ba a kuma shafa masa man 'ya'yan darbejiya zalla. Khal ɗin tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci shi ma ana ta yayata shi a intanet, to in za a yi a haɗa rabi khal rabi ruwa a goge tafin ƙafa ko wajen da fata ba ta fashe ba. Karen da ya riga ya soshe kansa ya ji ciwo kuwa kar a kusance shi da khal, zafin da zai ji sai ya yi ihu, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda ka taɓa shi ba. Ni a ganina amfaninsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Basilin kuma yana da aiki biyu da ba na wasa da su. Na ɗaya ƙudan nan masu cin bakin kunne, za ka ga kare da rana yana ta kaɗa kai bakin kunnuwan sun yi baƙin ɓawo suna jini. A wanke a hankali a lafta basilin da kauri safe da rana ƙudan ba sa samun wajen cizo, a kuma kwashe kashi da ragowar abinci da ke tara su. Na biyu tsutsar damina. Akwai wani ƙuda da yake ƙwai a busasshen yashi mai inuwa inda aka yi fitsari ko kashi, in ɗan kwikwiyo ya kwanta a wajen sai 'yar tsutsar ta huda fatarsa ta shige ta zauna tana girma, kwana 8 zuwa 12 take yi kafin ta faɗo. Za ka ga ƙurji ya kumbura a ciki ko tsakanin yatsu ko gindin wutsiya, da ɗan rami a tsakiyarsa yana fitar da ruwa-ruwa, in ka ƙura ido za ka ga wani abu yana motsi a bakin ramin, ta nan take numfashi. Ka toshe ramin da basilin ka jira 'yan mintuna, da iska ta yanke mata za ta fara leƙowa, sai ka sa manyan yatsunka biyu a gefe da gefe ka matsa daga ƙasa a hankali ta fito ɗungurungum fara mai kauri, ka jefa a wuta, ka wanke ramin da ruwan gishiri. Kada ka matsa da ƙarfi ta fashe a ciki don zai yi mugunya. A jikin kwikwiyo ɗaya sai ka cire da yawa, kuma a daren za ka ga ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba. Wannan ƙudan shi ne dai yake ƙwai a kayan yara in an shanya a ƙasa, shi ya sa ake cewa a dinga guga.

Kaska a cire ta da matsefata, a kama ta daf da fata a ja a miƙe a hankali, a jefa a kwalba mai kananzir, kananzir ɗin na kwalba ne ba na jikin karen ba. Ban da ƙona ta da ashana tana jikinsa, ban da fasa ta da farce. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya, nan suke taruwa. Kaska tana sa musu zazzaɓi mai shanye jini, in ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari maimakon ja-ja, ga kasala ga ƙin abinci, to maganar ta wuce ta gida.

Inda kuma mutane suka fi faɗuwa shi ne su wanke kare tsaf su mayar da shi kan tsohon buhun da yake kwana. Ƙumar da kake gani a jikinsa kaɗan ce a kan wadda ke cikin gidan, macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana kuma ƙwan ba ya mannewa a gashi, zubewa yake a shimfiɗa da ƙasa da lungu, ya ƙyanƙyashe can, wasu su yi watanni a ƙunshe suna jira. Kaskar kare kuma bango take hawa ta ɓuya a tsaga ta zuba dubban ƙwai. Don haka tsumman da yake kwana a kai a wanke da tafasasshen ruwa duk mako a shanya a igiya a rana mai zafi, wanda ya tsufa a ƙone, a share wajen kullum a ƙone sharar, tsagar bango da ta daɓe a liƙe da siminti. Sai an jure wannan kamar wata uku kafin a ga bayansu. In akwai wasu karnukan ko kyanwa a gidan duk tare za a yi musu, amma a sani maganin ƙuma na kare da yawa yana kashe kyanwa, kada a haɗa musu.

Sai abinci. Karen da kullum ƙanzo ne da ragowar tuwo da miya gashinsa ba zai taɓa yin kyau ba. A dinga ƙara masa dafaffen ƙwai da kifi mai maiƙo irin sadin ko taitus an cire ƙaya, man da ke cikin kifin yana gyara fata, sai dai ba a kwana ɗaya ba sai an yi makonni. Albasa da tafarnuwa kuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma abin takaici har yanzu akwai masu cewa a ba shi tafarnuwa wai tana korar ƙuma. Ga ƙaramin kare ba sai da yawa ba. In kuma ana zargin abinci ne ke kawo alajin, wanda aka fi samu shi ne naman shanu da madara da kaza da alkama, hanyar ganewa ita ce a tsayar da shi a kan abinci iri ɗaya da bai saba ci ba har sati 8 ba tare da an jefa masa komai a gefe ba, wannan kuma sai duk gidan sun haɗa kai har yara. A kuma ba shi maganin tsutsar ciki a kan kari, don in ya haɗiye ƙuma garin gurgura tana sa masa tsutsa, za ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya yana ta jan gindi a ƙasa.

Wani ɗan abu mai sauƙi, a rage masa farce, sannan in yana cin wajen da baki a yanka kwali ko a fasa gindin ƙaramin bokitin roba a sa masa a wuya yadda bakinsa ba zai kai ba, a naɗe bakin da tsumma kar ya yanke shi. Tsohuwar rigar yaro ma in aka sa masa tana kare ciki da baya. Sau da yawa ciwon da kansa zai warke in dai an hana shi taɓawa.

Magungunanmu na mutane don Allah a bar su a inda suke. Farasitamol da ibuprofen da diclofenac suna lalata hanta da ƙoda da cikin kare, ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya zama ajalin ƙarami. Man shafawar nan na kemis da ake cewa yana maganin komai da man bilicin suna ɗauke ƙaiƙayi na kwana biyu amma ƙazuwa da makero ƙara bazuwa suke yi a ƙarƙashinsu. Allurar ivermectin da muke wa shanu da tumaki tabbas likitoci suna amfani da ita a kan ƙazuwa, amma su suna auna nauyi ne su lissafa, abin da ƙaramin kare yake buƙata ɗigo ne wanda sirinjin shanu ma ba zai iya aunawa ba, in ya zarce sai makanta da tangaɗi da suma, ga wasu jinsin karnukan da ba sa ɗaukarta, ga jarirai da ba a yi musu. Yanzu akwai ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da NexGard da suke kashe ƙuma da kaska har da ƙwaron ƙazuwa, Bravecto guda ɗaya yana kai sati 12, suna da tsada gaskiya kuma su ma da nauyi da shekaru ake bayarwa, amma in ka lissafa abin da za ka kashe a kame-kame gara su. Kwikwiyon da bai kai sati 8 ba dai mataji da ruwan ɗumi kawai, a kuma yi wa uwar magani.

Ni ƙa'idata ita ce in na yi dabarun gida mako guda ban ga sauƙi ba, ko na ga mugunya da wari, ko kunne yana fitar da baƙin datti yana ɗoyi, ko gashi yana zuba faci-faci, ko fuska ta kumbura, ko mutanen gida sun fara susa, to sai asibitin dabbobi. Kankare fatar suke ɗan yi su duba a madubin likita su gaya maka ko mene ne. Kuma muna da wuraren, kusan kowace jiha akwai asibitin dabbobi na gwamnati, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos da take nan tun 1924. Mutanenmu suna kai saniya da rago da kaji amma kunyar kai kare suke ji, alhali shi ne yake cuɗanya da yaransu. In an je a haɗa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, ana fara ta ne yana wata uku sannan a dinga maimaitawa duk shekara, a karɓi katin a adana.

Malam Edita, roƙona na ƙarshe gare ku, da za ku samu likitan dabbobi ya dinga amsa tambayoyin masu karatu ko da sau ɗaya ne a wata, a haɗa har da karnuka da kyanwoyi ba shanu da kaji kaɗai ba, musamman gab da damina lokacin da kaska da tsutsa suke tashi, da kuma wajen 28 ga Satumba da ake ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Masu shagunan maganin dabbobi su ma ina roƙonsu su dinga tambayar nauyin dabba da shekarunta kafin su miƙa kwalba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai kiwon kaji daga bayan garin Kaduna